Shaidar Gona: Yadda Ake Jarraba Irin Wake A Nyankpala

'Yan'uwa na Sabonjida da sauran zangunan Tamale.

Mafi yawanmu ba manoma ba ne. Kakanninmu da fatauci suka shigo ƙasar nan, suna kawo kanwa da tufafi, suna komawa da goron Gwanja ta hanyar Salaga. Amma duk da haka, cikinmu da jarinmu a gona suke kwana. Ƙosan da uwayenmu mata ke soyawa tun asuba, da shinkafa da waken da duk Ghana ta aro sunansa daga bakinmu, da tubanin da ake ci da mai da yaji, duk daga wake suke. Idan tsutsa ta faɗa gonakin Tolon ko Kumbungu ko Savelugu a tsakiyar damina, kafin kaka ta ƙare farashin kwano a kasuwar Aboabo zai ba mu labari. Saboda haka maganar irin da manomi zai shuka tamu ce, ko da ba mu taɓa riƙe fartanya ba.

Shekaru da dama ke nan ina riƙe da littafin zauren dattijonmu, Allah ya ƙara masa lafiya. Akwai wata irin ƙara da ba ta taɓa saɓa lokacinta ba: da kaka take zuwa. Ɗan kasuwa ko mai ƙosai ta ba manomi kuɗi tun farkon damina a kan zai kawo buhu kaza, kaka ta yi, buhu bai cika ba. Mai kuɗi na rantsuwa, manomi na rantsuwa, kuma sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu. Mai laifin na ainihi ba ya amsa sammaci, domin yana can cikin furen wake. Wannan ne ya sa na dage sai na fahimci aikin da ake yi a Nyankpala.

Maƙiyan wake suna da yawa, amma uku sun fi shahara a wajenmu. Na farko wuta-wuta, ciyawar da ke maƙale wa saiwa tana tsotse abincin shuka tun kafin ta leƙo bisa ƙasa. Tushe ɗaya kan zubar da dubban 'ya'ya masu kama da ƙura, waɗanda ke iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran wake. Na biyu darɓa, ƙananan ƙwarin nan da ke taruwa a kan toho, musamman idan ruwa ya ɗauke, suna tsotsa suna kuma yaɗa cuta. Na uku, wanda ya fi su ɓarna, tsutsar fure da kwanso, wadda masana ke kira maruka. Uwarta wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ne na dare, tana saka ƙwai a kan fure, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta shige ciki inda magani ba ya saurin kai mata. Idan ta yi tsanani tana iya cinye kashi 80 cikin 100 na amfanin gona.

Nyankpala tana yamma da Tamale, tafiyar kimanin kilomita 16. A can Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Yankin Sabana take, wato SARI, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1994 a ƙarƙashin hukumar CSIR. Tana da rassa a Manga kusa da Bawku da kuma Wa. Abin da ya fi ba ni sha'awa a aikinsu shi ne ya yi kama da abin da muka karanta a babin shaida. Alƙali ba ya karɓar shaidar mutum don kyan rawaninsa. Sai an bincika adalcinsa, an ji daga waɗanda suka zauna da shi, suka yi ciniki da shi, suka yi tafiya da shi. Haka iri. Kyan ƙwaya a tafin hannu ba hujja ba ce. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, ba a kuma sanin iri mai juriya sai ƙwaro ya sauka.

Don haka su ba sa gudun ƙwaro, gayyatarsa suke yi. Idan juriyar darɓa ake nema, sai a shuka iri-iri a tukwane cikin ɗakin raga, da zarar sun tsiro a ɗauko darɓa da ɗan buroshi mai laushi a ɗora wa kowace shuka adadi ɗaya, sannan a riƙa ƙirga yadda suke hayayyafa da ranar da shukar ta yi yaushi ko ta mutu. Idan wuta-wuta ce, sai a cakuɗa 'ya'yanta da ƙasa, ko a kai irin gonar da aka san ta kamu, a ƙirga tushe nawa ya fito a gindin kowanne, a tone saiwa a duba ko ta maƙale a ɓoye. Idan maruka ce, sai a tsinko furanni a buɗe a ƙirga tsutsa, a kuma ƙirga kwanson da aka huda. A raba gona gida biyu, a yi wa ɗaya feshi a bar ɗaya, don a ga abin da irin zai iya da ƙarfin kansa.

Akwai ƙa'idoji biyu da suka cancanci duk mai hankali ya riƙe. Ta farko, a kowane gwaji sai an shuka wani irin da aka riga aka san rauninsa. Idan shi ma ya tsira, to gwajin ya ɓaci, domin alama ce ƙwaro bai zo ba a wannan shekara, ba wai sabon irin ne ya yi jarumta ba. Ta biyu, ba a yarda da kunya ɗaya, ko gona ɗaya, ko damina ɗaya. Kowane iri ana maimaita shi sau uku ko huɗu a wurare dabam-dabam na gona, domin wani ɓangare na iya fin wani taki ko laima. Sannan a kai shi wasu garuruwa, sannan gonakin manoma, kafin kwamitin ƙasa ya ba shi suna ya sake shi. Shaidar mutum ɗaya ba ta yanke hukunci a zaure, ba ta kuma yankewa a gona.

Ga misalin abin da wannan haƙuri ya haifar. A ƙasar Botswana aka samu wani waken gargajiya da masana suka yi wa lamba B301, wanda wuta-wuta ba ta iya kama shi a yawancin ƙasashenmu. Ƙwayarsa ba irin wadda kasuwarmu ke so ba ce, sai masu binciken cibiyar IITA a tasharsu ta Kano suka yi ta aura shi da wasu irin har aka samu wanda aka kira IT97K-499-35. A 2008 aka sake shi a nan Ghana da sunan Songotra, a Nijeriya kuwa cibiyar Samaru ta Zariya ta sake shi da sunan SAMPEA 10. Ashe waken da Badagwambe ke shukawa a Tolon da wanda Bazazzagi ke shukawa a Giwa uwa ɗaya uba ɗaya suke. Hanyar da kakanninmu suka bi da jakuna, ita iri ya biyo. Sai dai a lura: an tarar wuta-wutar Zakpota a ƙasar Binin tana kama B301, domin ita ma dangi-dangi ce. Shi ya sa shaidar wata ƙasa ba ta isar wa wata.

Wanda ke ganin darɓa ƙaramin abu ce, ya tambayi dattawan Kano labarin 1975, shekarar da cutar kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta halaka gonaki kusan hekta 700,000 a arewacin Nijeriya, tana cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa. Irin darɓar nan ce ke kama wake. A 2016 SARI ta saki irin da ake kira Wang Kae, wanda ya haɗa juriyar darɓa da ta wuta-wuta.

Maruka ce ta gagari wannan hanya. Masana sun tace fiye da nau'in wake 15,000 da ke ajiye a rumbun iri na IITA a Ibadan, ba su samu mai juriyar kirki ba. Daga nan aka juya ga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa da ake kira Bt, wadda ke fitar da wani sinadari mai kashe tsutsa idan ta ci, kuma manoma a duniya sun daɗe suna fesa ta. Masu bincike a Ostireliya suka ɗauki ƙwayar gadon da ke yin wannan sinadari suka sanya a cikin wake, gidauniyar AATF da ke Nairobi ta jagoranci kawo shi Afirka. Nijeriya ta saki nata, SAMPEA 20-T, a Disambar 2019. A nan kuwa an fara gwaji a Nyankpala a 2013, cikin shinge, ba a fitar da ƙwaya ko ɗaya, abin da ya rage a ƙone. Hukumar kula da lafiyar irin waɗannan halittu ta ƙasa ta amince da shi a Yunin 2022, aka kuma sake shi ga manoma a Yulin 2024 da sunan Songotra-T. Shekara 11 ke nan daga gwajin farko. Masu aikin sun ce manomin da kan yi feshi har sau 8 a damina, sau 2 zai ishe shi.

Na san wannan magana ta raba kawuna, har a zaurenmu. Ƙungiyar Food Sovereignty Ghana ta kai ƙara kotu tun 2015, kotu ta kori ƙarar a 2024, amma hukuncin kotu ba ya cire shakka daga zuciya. Wasu na tsoron abin da zai shiga cikinsu. Wasu na tsoron ranar da manomi zai wayi gari iri ba ya hannunsa. Wasu kuma sun tambayi matsayinsa a addini. Dattijonmu bai yi gaggawa ba. Cewa ya yi ba a yanke hukunci kan abin da ba a san hakikarsa ba, a fara jin masu aikin, a kuma ji masu suka, sannan malamai su yi magana. Ni ma nan na tsaya. Tsoron da ke tambaya abin girmamawa ne. Wanda ke kawo ɓarna shi ne tsoron da ya toshe kunne, kamar yadda yabon da bai ga gona ba yake kawo ta.

Abin da ya tabbata shi ne sabon irin yana da iyaka. Maruka kaɗai yake kashewa. Ƙwarin da ke tsotsar kwanso da ƙananan ƙwarin fure suna nan, shi ya sa ba a ce a daina feshi gaba ɗaya ba. Ba ya kuma hana ƙwaron rumbu huda wake bayan girbi. Wannan aikin buhun nan ne mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda ke toshe iska har ƙwaro ya mutu ba tare da an barbaɗa guba ba. Kuma ƙwaro ma yana da wayo: idan aka daɗe ana ba shi abu ɗaya, wata rana za a haifi wanda abin ba ya kashewa. Saboda haka gwaji ba ya ƙarewa ranar da aka raɗa wa iri suna. Wake kuwa da kansa yake barbarar furensa, manomi na iya ajiye iri daga girbinsa kamar yadda ya saba.

Sannan mu riƙa auna tsoro da ɗan'uwansa. Mun ga yaran da ke goya tankin feshi babu takalmi babu abin rufe hanci, su dawo ido ja, kai na sarawa. Mun ji warin magani a buhun da za a niƙa a yi wa 'ya'yanmu ƙosai. Wannan guba ce da ba ta bukatar muhawara, ga ta a gabanmu kullum.

Shawarata ga 'yan'uwa masu ba da kuɗin noma da masu 'yar gona a bayan gari guda uku ce. Ku nemi iri daga inda aka tabbatar da shi, kada ku yarda da duk wanda ya ɗaura wa buhu suna a kasuwa. Ku raba eka biyu, sabon iri a gefe, wanda kuka sani a gefe, rana ɗaya, aiki ɗaya, ku rubuta ranar shuka da yawan feshi da kuɗinsa da kwano nawa kowane gefe ya bayar, ku maimaita baɗi. Ku kuma kai wa mai ƙosai ta jiƙa ta surfa ta soya, domin waken da ba ya kumbura a mai ya faɗi jarrabawa ko da tsutsa na gudunsa; mai tumaki shi ma ya duba harawarsa. Na uku, kada kowa ya zubar da tsohon irin gidansu. Juriyar da ta ceci gonaki daga wuta-wuta a hannun wasu manoman karkara aka same ta, waɗanda suka adana irinsu ba tare da sanin wa zai amfana ba.

Gani ya kori ji. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare gonaki daga ƙwari, ya sanya rufin asiri tsakanin mai bashi da wanda ake bi. Amin.