Don Allah a Sa wa Tiyo Kai

Yau ma sai kun yi haƙuri da ni, domin maganar ruwa zan sake yi, kuma na san wasunku sun gaji da jin ta daga bakina.

Da safen nan, a hanyata ta kai yara makaranta, na tarar da ruwa yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar wani gida, ya ratsa titi ya cika kwata. Ƙofar a ɗan buɗe take. Tiyo ne yashe a tsakar gida, bakinsa a sake, yana ta kwarara a kan siminti, yaron da aka sa ban-ruwan fulawa kuma yana can gefe yana shara. Ba zan faɗi layin ba, ba zan faɗi gidan ba, kada ma wani ya biyo ni ta bayan fage yana tambaya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a bakin wannan layin akwai 'yan mata ƙanana riƙe da bokitai suna jiran mai ga-ruwa, sai tsallake ruwan suke yi don kada ya ɓata musu ƙafa. A cikin bazarar nan, da rijiyoyin unguwa suka koma sai an haɗa igiya biyu kafin guga ya taɓo ruwa.

Ban ga laifin yaron sosai ba. An miƙa masa tiyo mara kai, famfon yana can bayan gida gindin tanki, aiki uku aka jibga masa a lokaci ɗaya. In zai kashe ruwa sai ya zagaya, in zai kunna sai ya sake zagayawa. To me zai yi? Sai ya yar da tiyon ya kama wani aikin. Laifin yana kan wanda ya iya haƙa rijiyar burtsatse, ya ɗora tankuna, ya sayo fulawa da ciyawar ado, amma bai ga dalilin sayen ɗan abin da ake ɗaurawa a bakin tiyo ba, wanda in ka matsa ruwa ya fito, in ka saki ya tsaya. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Wanda yake ganin ina kambama abu, ya gwada da kansa yau. Ka sa bakin tiyonka a bokitin fenti mai lita 20, ka duba agogo. Mu ɗauka ya cika a minti biyu. Lita 10 ke nan a kowane minti. In aka bar shi rabin awa, lita 300 sun tafi, wato jarka 12 masu lita 25. Kusan kura guda ta mai ga-ruwa ke nan, wadda mutum ya turo da ƙarfin ƙirjinsa a cikin rana, wadda wani gidan zai yi girki da wanka da wanke-wanke da alwala da ita, har ya yi tattalin ragowar zuwa gobe. Wannan lissafin safiya ɗaya ne, a gida ɗaya.

Waɗanda suka daɗe tare da ni a shafin nan sun san ɗan lambun da ke bayan gidana, kun sha ganin hoton zogale da gwaba da lemun tsami da kwamin alayyafo. Ni ba injiniya ba ne, ba kuma mai gyaran famfo ba. Abin da hannuna ya saba da shi kawai zan faɗa.

In ka je sayen kan tiyo, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Sabon Gari a nan Kano, ka fara sanin faɗin tiyonka, rabin inci ne ko uku bisa huɗu. Mafi sauƙi ka yanko ɗan guntu ka tafi da shi. Kai iri biyu aka fi samu. Akwai mai kama da bindiga, wanda ake matsawa da hannu, akwai kuma dogo na tagulla wanda ake murɗawa. Ga gidan da yara ne ke ban-ruwa, na matsawa ya fi, domin ko an yar da shi ruwa ya tsaya. Sai dai ka duba, wasu suna da 'yar waya da ke maƙale mariƙin ya zauna a buɗe. Ka hana yara amfani da ita, in ba haka ba an koma gidan jiya. Na tagullar ya fi ƙarko nesa ba kusa ba, amma sai an tuna an murɗe shi. Na roba zalla, mai kala-kala da ramuka bakwai ko takwas, yana da kyan gani a shago, amma ranar Kano ba ta raga masa. In ana barinsa a waje sai robar ta bushe ta yi fari, rana ɗaya ya faɗi a siminti ya tsage.

Ga wani abu da masu shago ba su cika faɗa ba. Yawancin kawunan nan an yi su ne don ƙasashen da ruwan famfonsu ke zuwa da ƙarfi. Mu kuwa ruwanmu daga tanki yake gangarowa, kuma ƙarfinsa ya dogara ne ga tsayin da aka ɗora tankin. Tankin da ke kan ƙarfe mai mita huɗu ko biyar ba zai taɓa ba ka irin feshin da ka gani a jikin kwali ba. Sai mutum ya saya, ya ga ruwa yana tsiyaya, ya ce jabu aka ba shi, ya cire ya yar, ya koma toshe baki da babban yatsa. In ruwan tanki kake amfani da shi, ka nemi kai mai faɗi mai ramuka da yawa kamar na shawa, ka haɗa masa ɗan makunni a bayansa, irin wanda ake juyawa sau ɗaya ya rufe. Ka kuma rage tsawon tiyo iya buƙata, domin duk tsawon da ka ƙara, ƙarfin ruwa ne ke raguwa.

Yoyon da ake gani a mahaɗa, galibi 'yar zoben robar da ke ciki ce ta mutu ko ta faɗi. A canza ta kawai. Inda tiyo ya shiga kai ko ya shiga famfo, a ɗaure da ɗaurin ƙarfe mai noti. Robar tayar keke da muke naɗawa tana yin kwana biyu, amma zafi na cinye ta, ka wayi gari gindin famfo ya zama taɓo. In an gama aiki a kashe daga famfo, sannan a matsa kan don ruwan da ya rage ya fita. Barin tiyo cike da ruwa a rana shi ke kumbura shi ya fashe, kuma ruwan da ya yini a cikinsa zafi yake yi sosai, in ka watsa wa ƙananan shuka kai tsaye sai su yi yaushi. Ka tare na farkon a bokiti ya huce, kada ka zubar.

Sai maganar naɗewa. Tiyon da ake bari a ƙasa, mota ta taka, rana ta gasa, ya lanƙwashe ya karye, shi ne gobe za ka ga yana fesar da ruwa ta wuri uku. Akwai abin naɗe tiyo na kanti mai mariƙi da ake juyawa, wanda ya samu hali ya saya, ya duba mai ƙarfe. Wanda bai samu ba, tsohon wilin mota ya wadatar. Ka kai wa mai walda ya yi masa ƙafa, a kafe shi a bango ta wajen inuwa, a riƙa naɗe tiyon a kai cikin faɗi ba tare da an karya shi ba. Ƙusa ɗaya kam kada a rataya a kanta, nan take yake lanƙwashewa.

Ƙananan irin da aka yafa, kamar tumatir da attaruhu, ba sa buƙatar tiyo ma sam. Butar ban-ruwa mai rariya a baki ko ɗan famfon feshi na hannu ya ishe su. Amma don Allah, famfon da aka taɓa zuba wa maganin ciyawa kada ya kusance su, domin ɗan abin da ya maƙale a ciki ya isa ya murɗe ganyen tumatir. Bishiya kuma a gindi take shan ruwa. A yi mata ɗan kwari a kewaye, a rufe da busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa, a ba ta da sassafe ko bayan la'asar. Wanda ke watsa wa ganye ruwa da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rana yake shayarwa.

Na san abin da za a ce. Wani zai rubuto: Malam, ruwana ne, da kuɗina na haƙa, da kuɗina nake sayen man janareta. Gaskiya ne, ramin naka ne, injin naka ne. Amma ruwan da ke ƙasa ba ya tsayawa a iyakar katangarka. Kano a kan dutse take zaune, ruwanta na ƙarƙashin ƙasa yana taruwa ne a cikin tsagogin dutse da ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa, kuma damina ɗaya ce ke cika shi, 'yan watanni daga Yuni zuwa Satumba. In kai mai zurfin rami kana zuƙa ba lissafi, rijiyar maƙwabcinka mai gaba goma ita za ta fara ƙafewa. Wani kuma zai ce ai ruwan ƙasa yake komawa. Ta ina? Tsakar gidan an shafe ta da siminti, titi kwalta ne, ruwan kwata yake shiga ya haɗu da ƙazanta, sauran ya kwanta sauro ya samu wurin haihuwa.

Wani zai ce gwamnati zan yi wa magana. Na yi, kuma waɗanda ke bibiyata sun karanta. Jihar da ke da madatsar Tiga tun 1974, ga ta Challawa, ga matatar ruwa ta Tamburawa, bai kamata a ce akwai unguwannin da yaransu suka girma ba su taɓa ganin famfon gidansu ya kawo ruwa ba. Wannan haƙƙi ne a wuyan shugabanni, kuma zan ci gaba da faɗa. Amma gazawarsu ba ta halatta mana ɓarna. Hasali ma ita ce ta sa ɗan abin da ke hannunmu ya ƙara daraja.

Akwai kuma wanda zai ce hassada ce, ko ya ce kai ma ai kana da lambu. Ina da shi, kuma ina fatan kowane gida ya samu bishiya ko da ɗaya ce, domin garin nan yana buƙatar inuwa. Ban ce kada a shayar da fulawa ba, ban ce kada a wanke mota ba. Mota bokiti biyu da tsumma sun wanke ta fes. Abin da nake ƙi shi ne ruwan da ba shuka ya sha ba, ba mutum ba, ba dabba ba.

Mu da muke cewa muna bin sunna, mu tuna ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, abin da bai kai lita guda ba, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Ibada ke nan, wadda ta fi fulawa da mota daraja. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa almubazzaranci haramun ne, kuma za a tambaye mu a kan kowace ni'ima. Ban san yadda muka ware ruwan tiyo daga wannan hukunci ba.

Alhazai da hajiyoyin da suka fito da famfo waje don maƙwabta su ɗiba, Allah Ya saka muku da alheri, Ya sa ku sha daga Alkausara. Ku ne hujjata cewa abin mai yiwuwa ne. Sauranmu kuma, yau kafin magariba kowa ya leƙa bayan gidansa ya dubi tiyonsa. In ba shi da kai, a saya masa. In yana yoyo, a gyara. A zaunar da yaron da ke ban-ruwa a nuna masa cikin mutunci, a kuma rage masa aiki a lokacin da tiyo ke hannunsa. In ruwan ya yi maka yawa har ka rasa yadda za ka yi da shi, ka ja bututu zuwa waje ka sa famfo, masu buƙata suna nan a ƙofarka.

Wanda maganata ta ɓata wa rai ya yafe mini, amma ba zan goge ta ba. Allah Ya kawo mana damina mai albarka, Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da Ya ba mu.