Adakar Gwaggo a 'Yandoto

Uwargida, da sanyin safiya muka bar Gusau muka kama hanyar Tsafe, muka wuce ta gindin Dutsen Kwatarkwashi na ƙasar Bunguɗu. Rabon gado ne ya kai mu 'Yandoto, tsohon garin malaman nan da yaƙi ya ci wajen 1806, littattafai suka watse.

A ɗakin gwaggona aka buɗe adaka: Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafaka, wasiƙun ajami, takardun gonaki, har gara ta fara cin gefensu. Wani dillali ya riga ya yi tayi, wai a Turai gwanjon irinsu ake yi. Maza suka shiga lissafi.

Gwaggo ta rufe adakar, ta zauna a kai.

"Ku raba gonakin. Wannan kam sai bayan raina."