Arba'in ba biyu

Bukoki, Yamai

Aminiyata,

 Ina gajiya, yaya maigida da yara? Mu nan lafiya lau, sai ƙurar hunturu da ta sa kowa tari.

Kin tambayi yadda muka ƙare da autana da lissafin ɗebewa. Kin san yana CE1, kuma kowace safiya suna yin lissafi da ka: mushe, wato malaminsu, ya faɗi lamba, ya buga tebur, yara su rubuta amsa a allo, ya sake bugawa su ɗaga sama. Wannan tsari La Martinière sunansa, daga wata makaranta ta Liyon a Faransa aka ɗauko shi. To, shi nawa kullum allonsa fanko yake ɗagawa. Yana can yana jera lambobi cikin kansa kamar a takarda, yana aro nan yana biya can, har a buga tebur bai gama ba.

Ranar Asabar na tafi da shi kasuwar Katako sayen ƙusa. Na ba yaron shagon dala ɗari, kayan kuwa na dala talatin da bakwai. Bai yi wani aro ba. Ya ce uku, arba'in, sittin, ɗari. Ya miƙo mini dala sittin da uku, tamma 315 ke nan, kafin in gyara mayafi. Hawa ya yi daga ƙaramar lamba zuwa babba, yana tara abin da ya cika.

A hanyar gida sai wani abu ya faɗo mini. Ashe mu tun a baki muke ɗebewa! Kakarmu ba ta cewa talatin da takwas, arba'in ba biyu take cewa. Sha tara kuwa ashirin ba ɗaya. Da dare na zaunar da shi a tabarma na ce: 72 a ɗebe 38. Ya fara ƙirga yatsu. Na ce bar yatsun nan, 38 arba'in ba nawa ne? Ya ce ba biyu. To ɗebe 40 daga 72. Ya ce 32. Yanzu biyun fa?

Nan muka yi karo. Ya sake ɗebe ta, ya ce 30. Sau uku yana yin haka, har na fara ɗaga murya, Allah ya yafe mini. Sai na kawo ƙwallayen dabino 72, na zama mai shago. Ina bin sa 38, ya ba ni 40. Na yi shiru kamar mun rabu. Ya ce, "Inna, canjina!" Na ce nawa? Ya ce biyu. Ya haɗa da 32 da ke gabansa, 34. Tun ranar bai ƙara mantawa ba. Yaron da ba ya yafe canji.

Dabarar ta fi daɗi idan lambar ta ƙare da 8 ko 9. Idan kuma lambobin na kusa da juna, kamar 61 da 56, hawan yaron Katako ya fi sauri. Abin da ya rage mana shi ne Faransancin: kafin ya gane quatre-vingt-douze 92 ce, rabin lokacin ya tafi.

Ki gwada da 'yan biyunki, amma kar ki haɗa su zama ɗaya, Hasana za ta riƙa amsa wa ƙanwarta. Idan mai zuwa Yamai ya samu, ki aiko mini da ƙuli-ƙulin nan na Maraɗi. Ki gaida Hajiya da jiki.

Taki har kullum.