Bishiyar da Ba Ta Fure

Mu da muka tashi a Assakio, a kan hanyar Lafiya zuwa Shandam, mun san kurmi tun kafin mu san allo. Can bakin rafi, inda kwakwar manja ta yi cincirindo, akwai wani ɗan tsiro mai ganye kamar gashin tsuntsu da kan maƙale a jikinta. Ba mu taɓa tambayar sunansa ba, tun da ba a miya da shi. Sai a jami'a muka ji cewa dangin agugu ne, saiwar nan da ake sha domin tsila.

Ashe ɗan tsiron nan yana da babban wa. Mun sadu da shi ranar da malaminmu ya kai mu tsaunin Mambila a Jihar Taraba, muka shiga dajin Ngel Nyaki da aka keɓe tun 1969. Ƙasa ce mai tudu fiye da mita 1,500, ga sanyi ga hazo. A wani kwari mai damshi muka hango shi, har ɗayanmu ya rantse kwakwa ce. Kututturensa baƙi ne siriri, ya ninka tsayin mutum, ganyayensa sun baje a bisa kamar laimar sarki, gindinsu duk ƙaya. Sabon ganye kuwa a naɗe yake fitowa, sak wutsiyar hawainiya, sannan ya warware sannu a hankali. Masana na kiransa Cyathea manniana, domin tunawa da Gustav Mann, Bajamushen da ya tattara tsirrai a Dutsen Kamaru a farkon shekarun 1860.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, ba ya fure, ba ya 'ya'ya, balle iri. Malam ya juya mana bayan ganye, sai ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa cike da wani gari mai laushi. Iska ke ɗaukar garin, in ya faɗa a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya zama ɗan ganye da bai kai farce ba, shi ma sai da ruwa zai haifar da bishiya. Ke nan ranar da inuwa ta kau, ƙasa ta bushe, zuriya ta yanke ko da uwar tana tsaye.

Yarjejeniyar CITES ta sa sai da izini ake cinikin wannan dangi tsakanin ƙasashe, saboda ana sare kututturen a dasa furannin ado a kai. Madalla. Amma a Mambila gobarar rani da kofaton shanu da gatarin mai neman gona su ne abin tsoro, takarda kuwa ba ta kashe wuta.

Mun dawo gida hutu da niyyar yi wa mutane wa'azi, sai bakinmu ya mutu. Kurmin yarintarmu ya zama kunyoyin doya, buhunan gawayi jere a bakin titi, kuma da kuɗin doyar nan aka biya mana makaranta. Da muka ba Baba labarin bishiyar, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, ana cinta?" Muka ce a'a. Ya ɗauki fartanyarsa.

Da la'asar muka gangara rafi. Kwakwa uku suka rage a bakin ruwa, a jikin ta tsakiya ɗan tsiron nan yana nan kore shar.