Cika-cikin Shekarar Fari

A ƙuruciyarmu ba kalanda ke gaya mana shekara ta juya ba, hanci ne. Da ƙamshin jelar ragon layya ya taso daga madafi, wadda Inna ta ƙyafe ta ɓoye tun Babbar Salla, mun san Muharram ya kama, daren cika-ciki ya zo. Kaka takan ce duk wanda bai ƙoshi ba a daren, da wuta za a cika masa ciki. Mu kuwa ba mu taɓa barin a kai ga haka ba. Washegari taubasai su tare hanya suna neman kuɗin shara, ana ba'a ana dariya.

Cika-cikin da ya fi zauna mini a rai shi ne na farkon 1974. Daminar 1973 ta yi gardama, gero ya bushe a tsaye a duk ƙasar Gumel, Fulani da Buzaye suna gangarowa daga arewa da ragowar dabbobi, ƙasusuwa a waje. Naira ma shekararta ɗaya ke nan da fitowa, tsofaffi suna ta lissafi da fam da sule. A gidanmu an yi tuwon, amma Inna ta ƙara wa miya ruwa, jelar kuma sai da aka yi mata rabon gado.

Baba yana tsakanin abu biyu: ya sayar da sanmu na huɗa ya zauna da iyali, ko ya bar mu da 'yan dammunan da suka rage a rumbu ya tafi cin rani Kano, garin da bai san kowa ba. Ya je wurin Liman, ya zauna da yayansa. Can cikin dare, hunturu na kaɗa asabari, na ji ƙarar buta, sannan motsin buzu. Raka'a biyu ya yi, ya daɗe hannuwa a sama yana istihara, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Da asuba Inna ta miƙa masa koko. "Malam, an samu mafita?"

"Na kai maganar inda ake kaiwa. Ki ɗaure mini kayana. Irin shuka kuwa, ko yara za su yi kuka, kada a taɓa."

Abin da har yau yake ba ni mamaki, daren tafiyar Baba ya yi barci har da minshari. Yanzu 'ya'yana suna da hasashen damina a waya, da farashin kowace kasuwa, da masu ba da shawara barkatai, amma duk ƙarshen shekara sai in ga idanunsu sun faɗa saboda tunani. Ba na ganin laifinsu, zamaninsu ya fi namu yawan hanyoyi, kuma kowace tana kira. Ina dai yi musu kwaɗayin irin barcin kakansu.

Ga-ruwa ya yi a Fagge har kafaɗarsa ta yi kanta. Ya dawo gab da shuka da buhun dawa, da turmin atamfa na Inna, da tarin da bai rabu da shi ba. San huɗar da aka ƙi sayarwa ya mutu kafin ya iso, sai da fartanya muka yi noman shekarar, ruwa kuma ya sauka. Maƙwabta suka yi ta lissafin abin da ya samu da abin da ya rasa. Shi dai har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya ce da na sani a kan tafiyar nan ba.