Tambayar da Ba a Cika Yi Ba a Ɗakin Likita

Duk wanda ya taɓa yankar kati a asibiti ya san tsarin. A auna nauyinka. A ɗaura maka abin awon jini a damtse. A sa maka na'urar gwada zafin jiki a hammata. Ka shiga wurin likita, ya tambaye ka cin abinci, fitsari, bayan gida, tari, ko kana shan taba. Duka tambayoyi ne masu amfani. Amma ɗan'uwa, tuna mini sau nawa aka tambaye ka awa nawa kake barci. Barci yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na rayuwar mutum. Sau da yawa ko layi ɗaya ba ya samu a jikin katin.

Akwai mutum biyu 'yan Ingila da suka bar hanyar likitanci, daga baya suka yi suna a kan wannan magana. Na farko Matthew Walker, haifaffen Liverpool. Ya shiga Jami'ar Nottingham don ya zama likita, sai ya sauya sheƙa zuwa nazarin ƙwaƙwalwa. Lokacin da yake digirinsa na uku, yana auna motsin ƙwaƙwalwar tsofaffi masu cutar mantuwa, yana neman abin da zai bambanta nau'o'in cutar. Yana auna su idonsu biyu, bai ga bambancin da yake nema ba. Da ya koma auna su suna barci, sai bambancin ya fito. Daga nan ya riƙe barci a matsayin sana'arsa. Ya koyar a Harvard, ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2007. A 2017 ya fitar da littafinsa Why We Sleep, wanda aka fassara zuwa harsuna da dama.

Na biyu Michael Mosley. Shi ya ƙarasa karatun likitanci a Landan, amma bai daɗe a bakin gadon marasa lafiya ba. A 1985 ya shiga BBC, ya shafe shekaru yana shirya shirye-shiryen kimiyya da lafiya. Ba barci ne ya fitar da shi daga asibiti ba. Barcin ne ya same shi daga baya, domin shi kansa mai fama da rashin barci ne, kuma bai ɓoye ba. Ya sha faɗa cewa yakan farka wajen ƙarfe uku na dare, barci ya ƙi dawowa. Ya yi shiri a kan haka a 2017, ya rubuta littafin Fast Asleep a 2020. Ya rasu a watan Yunin 2024 a tsibirin Symi na ƙasar Girka.

Barin likitanci da suka yi bai burge ni ba. Mutum yana da damar sauya sana'a. Shi Walker ma an samu masu bin diddigi da suka nuna ya zuzuta wasu alƙaluma a littafinsa, har da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana rashin barci a matsayin annoba, maganar da aka nema a takardun hukumar ba a gani ba. Abin da ya tsaya mini daban ne. Me ya sa saƙon barci ya fi jin daɗin fita ta talabijin da littafi fiye da ta ɗakin likita? Ina ganin amsar tana cikin asibitin kansa, wurin da fitila ba ta mutuwa.

Likita da rashin barci aka yaye shi. Tsarin horar da likitoci masu neman ƙwarewa ya samo asali ne daga asibitin Johns Hopkins na Amurka, wanda aka buɗe a 1889. Matasan likitoci a cikin asibitin suke zaune, dare da rana. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa tsarin, likitan tiyata William Halsted, ya yi fama da jarabar hodar iblis, abin da aka daɗe ana rufewa. An gaji tsarin nasa shekara da shekaru. A 1984 wata yarinya 'yar shekara 18, Libby Zion, ta rasu a wani asibiti a New York a hannun matasan likitoci da aiki ya yi musu yawa. Mahaifinta bai yi shiru ba. A 1989 jihar New York ta ƙayyade aikinsu zuwa awa 80 a mako, a 2003 aka shimfiɗa dokar a duk Amurka. Ka lura da adadin. Awa 80 shi ne sassaucin.

A 2004 masu bincike a Boston suka gwada abin a ɗakunan kulawa ta musamman. Sababbin likitoci da suke yin tsohon tsari, mai kwana da wuni a jere, sun yi manyan kurakurai fiye da masu gajeren aiki da kusan kashi 36 cikin ɗari. Mu a nan ba mu bukatar mujalla kafin mu gane. Likita ya kwana a kan kira, ya wuce zagayen safe, ya zauna ganin masu layi har azahar. Abokan karatunsa da yawa sun tafi Ingila ko Saudiyya, aikinsu ya dawo kansa. Wanda aka koya masa cewa juriyar rashin barci ita ce ƙwazo, da wuya ya ɗauki barcin majinyaci da muhimmanci. Shi ma majinyacin a ɗakin jinya yana kwance ƙarƙashin farar fitila, ana ta shige da fice. Masu jinyarsa suna kan tabarma a baranda, suna kore sauro da gefen zane.

Alhali abin da aka gano game da barci ba ƙarami ba ne. A 1999 a Jami'ar Chicago aka ɗauki samari 11 masu ƙoshin lafiya, aka bar su awa huɗu kawai a gado na dare shida. Da aka gwada su, jikinsu ya rage iya sarrafa suga, kamar na wanda ciwon suga yake shirin kamawa. A 2015 aka buga wani gwaji a Amurka. An ɗiga wa mutane 164 ƙwayar cutar mura a hanci. Masu barci ƙasa da awa shida sun fi kamuwa kusan ninki huɗu a kan masu haura awa bakwai. A 1997 kuma, a Ostireliya, aka nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hannunsa da idonsa suna aiki kamar na wanda ya sha giya daidai iyakar da ƙasashe da yawa suke hana tuƙi. Wanda ya tashi asuba ƙarfe biyar, awa 17 ɗinsa tana cika ƙarfe goma na dare.

Ka riƙe wannan lissafin ka je tasha. Direban tirela ya ɗauko kaya daga Legas, yana so ya shiga Kano kafin wani ya riga shi. Ya sayi goro, ya sha shayi mai kauri, ya wanke fuska da ruwan leda. Fasinja a motar haya ba zai yarda ya hau bayan mashayi ba. Amma zai zauna lafiya lau bayan direban da ya yi kwana biyu bai kwanta ba, har ya yaba masa da cewa namiji ne. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne. A kan titi daƙiƙa uku ta ishe shi.

To, me masu littattafan suke cewa a yi? Babba yana bukatar aƙalla awa bakwai, kamar yadda ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka suka tsayar a 2015. A kwanta lokaci guda, a tashi lokaci guda. Ɗaki ya yi duhu, ya yi shiru, ya yi sanyi. Walker yakan ambaci awon sanyi 18, domin jiki sai ya ɗan huce kafin barci ya kama shi. Shawara ce ta gaskiya. Sai dai an rubuta ta ne a ƙasar da mutum yake da makunnin sanyi a bango. A Kano, ko Sakkwato, ko Damagaram, cikin watan Afrilu, zafin rana yana kai awo 40. Da dare bango yana amayar da zafin da ya sha. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Ka fito tsakar gida da tabarma, sauro ya karɓe ka. Ka shiga gidan sauro, iska ta tsaya a waje.

Nan ne littattafan suka tsaya, mu kuma namu ya fara. A wurinsu barci lamari ne na mutum da ɗakinsa. A wurinmu barcin mutum yana hannun maƙwabcinsa. Janareton gidan baya, bututun hayaƙinsa yana kallon tagarka. Mai biki ya kafa lasifika a tsakiyar layi har ƙarfe ɗaya. Gidan kallon ƙwallo ya tashi wajen sha ɗaya, a ci gaba da gardama a bakin mai shayi. Babu wanda ya yi nufin cutar da wani. Amma a layin nan akwai mai hawan jini, akwai mai jego, akwai yarinya mai jarrabawa da safe. Wanda ya kwanta sha biyu ya tashi sallar asuba, awa biyar ya samu.

Iyayenmu sun fi mu tsari a nan. Ana idar da sallar isha, a ci tuwo, a ɗan taɓa hira, gari ya yi tsit. A tashi asuba da ƙarfi. Rana ta take, a yi ƙailula a zaure ko a gindin bishiya. Malamai suna karantar da cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba ya son barci kafin isha, ba ya kuma son hira bayanta. Mun riƙe tashin asuba, alhamdu lillahi. Kwanciyar da wuri ce muka saki, ƙailular ma ofis da kasuwa sun cinye ta. Yanzu fitila ta ƙarshe da take mutuwa a gida ita ce ta waya, a kan ƙirjin mai ita.

Akwai abin da yake hannun kowa, ba sai da kuɗi ba. Sinadarin da yake hana barci a goro, da shayi, da kofi, rabinsa yana nan a jiki bayan awa biyar zuwa shida. Goron la'asar yana tare da kai har isha. Idan ka kwanta barci ya ƙi zuwa, shawarar Mosley da masana irinsa ita ce kada ka yi ta juyi. Ka tashi ka zauna a wuri mara haske sosai, sai ka ji gyangyaɗi ka koma. Ƙwayar barci ta kemis, ba tare da likita ya rubuta ba, tana iya zama jaraba. Munshari kuma a daina mai da shi abin dariya kawai. Idan mutum yana munshari mai ƙarfi, numfashinsa ya ɗauke, ya zabura ya ja iska, sannan ya wuni yana gyangyaɗi, wannan cuta ce da take tafiya tare da hawan jini, kuma tana da magani. Yawanci mai ɗakinsa ce take fara ganewa, shi bai sani ba.

Saboda haka ba na fatan likitocinmu su ajiye farar riga su koma wa'azin barci. Ba mu da rarar likitoci. Abin da nake fata ƙarami ne. Masu gudanar da asibitoci su tsara aiki yadda wanda ya kwana a kan kira zai tafi gida da safe. Likita ya ƙara tambaya ɗaya a cikin tambayoyinsa, ya rubuta amsar a kati. Idan bai tambaya ba, kai ka faɗa masa da bakinka awa nawa kake samu, da abin da yake tashin ka.

Kai kuma ɗan'uwa, idan kana da janareto, ka duba inda bututunsa yake kallo, ka sa masa lokacin kashewa. Idan bikinka ne, a rage lasifika bayan isha. Idan kai ne mai mota, kada ka ba direbanka makulli sai ya kwanta. Barcin maƙwabcinka haƙƙi ne a kanka.