Maigadin Sararin Samaniya

Masu kallon taurari domin sha'awa suna da wata tsohuwar matsala. Yawancinsu malaman makaranta ne, ko likitoci, ko ma'aikatan da suka yi ritaya, kuma safiya na jiransu da hidimominta. Dutsen da ya ratso sama yana ci da wuta kuwa, cikin ƴan daƙiƙoƙi yake wucewa, sau da yawa a tsakiyar dare. Shi ya sa suka ɗauki maigadi suka ɗora bisa rufin ɗakin dubansu: kamara mai aiki da kanta.

Kafa ta aiki ne na natsuwa. Ana zaɓen wurin da bango ko itace bai tare gani ba, nesa da fitilun titi. Idon kamarar, mai kama da na kifi, yana kallon sama ɗungurungum daga ƙarƙashin ƙoƙon gilashi. Waya na haɗa ta da ƙaramar kwamfuta, irin su Raspberry Pi, wadda ke tashe ta da magariba, ta kwantar da ita da hudowar alfijir. Kwamfutar na gwada kowane hoto da wanda ya gabace shi, ta ajiye waɗanda haske ya gilma a cikinsu. Wajibi ne agogonta ya zama daidai, a kuma auna idon da taurarin da aka san mazauninsu. Sai raɓa da ƙura, masu rufe gilashin, waɗanda ke buƙatar ɗan ɗumi da hannu mai sharewa.

Kamara guda ba ta iya faɗin inda dutse ya sauka. Amma idan biyu ko uku, daga garuruwa masu nisa da juna, suka ga wuta ɗaya, lissafi na fitar da hanyarta, daga inda ta fito har gonar da ta nufa. A kan wannan ne Faransa ta ƙaddamar da shirin FRIPON a 2016, da kamarori kusan 100. Ranar 13 ga Fabrairu 2023 wani dutse mai kimanin mita 1 ya tarwatse a saman yankin Normandi. Bayan kwana 2 masu aikin sa kai suka tsinci gutsurensa na farko, domin an riga an nuna musu filayen da za su duba.

Ƙasar Hausa ma ta san baƙin sama. A Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, cikin ƙasar Katsina. Daga baya bincike ya tabbatar daga duniyar Mars ya fito. Shaidar manomin ce ta ba shi rana da wuri. A Nuwamba 2023 aka tsinci wani daga Mars ɗin, mai kusan kilo 25, a jihar Agadas. A Yuli 2025 aka yi gwanjonsa a birnin Niyok kan dala miliyan 5.3, sannan hukumomin Nijar suka buɗe bincike kan yadda ya fita. Abin da ba a rubuta tarihinsa a gida ba, wanda ya fara ɗauka shi ke raɗa masa suna, shi ke yanka masa kuɗi.

Kamara ba ta dawo da abin da ya riga ya tafi, amma tana iya zama shaidar wanda zai faɗo gobe. Sararin Tawa, Maraɗi da Damagaram na da duhun da biranen Turai suka rasa, kuma tsofaffi na nan da suka san fitowar Gamzaki da Kaza da ƴaƴanta. Rufin makarantar sakandare ɗaya a kowane gari, da farantin hasken rana, da ƙungiyar ɗalibai mai share ƙurar hunturu, sun isa a soma. Ana iya yin shekaru ana jira, amma mai haƙuri shi kan dafa dutse.